Babi Na Huɗu: Lissafin Da Ba A Iya Maimaitawa

Idan lokacin miƙa kundin bincike ya ƙarato a Sakkwato, shagunan buga takardu da ke kusa da manyan makarantu ba sa samun sararin numfashi. Ɗalibin da ya raba wa 'yan sakandare takardun tambayoyi don auna fargabar jarrabawa yakan kwaso su a leda ya kai wa "mai SPSS", wato mai aiki da manhajar lissafi ta SPSS. A yi ciniki, bayan 'yan kwanaki a miƙo masa jadawalai, babi na huɗu ya samu ke nan. Kundi ya tafi laburare da bangonsa mai kauri. Alƙaluman da aka shigar a kwamfuta kuwa suna cikin falash, kuma Allah kaɗai Ya san inda falash ɗin zai kasance baɗi.

To, idan wani ya karɓi waɗannan alƙaluman ya bi matakan da aka bi, lambar da ke cikin kundin zai samu? Ba cewa aka yi ya sake fita neman mutane ba, lissafin kawai zai maimaita. Sai ga shi manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam na duniya ma suna tuntuɓe a wannan ƙaramin gwaji.

A 2006 Jelte Wicherts da abokan aikinsa a Amsterdam suka nemi alƙaluman maƙaloli 141 da suka fito a mujallun ƙungiyar masana fannin ta Amurka. Kashi 73 cikin ɗari na marubutan ba su bayar ba. A 2018 kuma Tom Hardwicke da tawagarsa suka ɗauki maƙaloli 35 na mujallar Cognition, waɗanda alƙalumansu ke fili. Guda 11 ne kawai lissafinsu ya fito daidai ba tare da an tuntuɓi masu su ba. Wasu 11 sai da marubutan suka sa hannu, sauran 13 kuwa ko da taimakon masu aikin an samu aƙalla lamba ɗaya da ta ƙi fitowa. Ita ma Michèle Nuijten ta Jami'ar Tilburg, da manhajarta statcheck, ta tace dubban maƙaloli na shekarun 1985 zuwa 2013, ta tarar kusan rabin masu irin lissafin da ta duba na da lambar da ba ta dace da 'yar'uwarta ba. A ɗaya cikin takwas, kuskuren ya kai ya iya juya hukuncin binciken.

Galibi ba ha'inci ba ne, sakaci ne na yau da kullum. Mai shigar da bayanai ya rubuta 99 a gurbin wanda bai faɗi shekarunsa ba, ya manta bai sanar da manhaja cewa alama ce kawai ba, sai a wayi gari da tsoho ɗan shekara 99 a aji uku na sakandare, matsakaicin shekaru ya haura. Ko a samu tambaya mai juyayyen maki, irin "ina barci lafiya" a cikin ma'aunin damuwa, a manta ba a juya ta ba. Idan da linzamin kwamfuta aka yi ta dannawa, babu sawun da za a bi.

Bin sawun inda abu ya fito bai kamata ya zama baƙo a birnin Shehu ba. Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukh, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Garin da ya saba tambayar "daga wa ka ji?" ba zai ga nauyin tambayar "ta yaya ka samo wannan lambar?" ba.

Maganin ma ba shi da tsada. A SPSS akwai maɓallin Paste da ke rubuta kowane umarni a fayil, manhajar R kyauta ce, haka ma rumbun ajiye bayanai na OSF, na cibiyar da Brian Nosek da Jeffrey Spies suka kafa a 2013. Mujallar Psychological Science, tun da Simine Vazire ta karɓi jagorancinta a 2024, tana sa a sake gudanar da lissafin maƙalolin da za ta buga. Babu abin da zai hana sassan ilimi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato su ce kundi ba ya karɓuwa sai da fayiloli uku: alƙaluma, umarnin lissafi, da bayanin ma'anar kowace lamba. Idan an fassara tambayoyin zuwa Hausa, a haɗa da fassarar.

Inda ake buƙatar hattara shi ne sirrin mutane. Mai bincike a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ba zai watsa bayanan majinyata a intanet ba, domin a ƙaramar unguwa shekaru da sana'a kaɗai sun isa a gane mutum. Irin waɗannan sai a goge sunaye, a dunƙule shekaru rukuni-rukuni, a ajiye asalin a hannun kwamitin ɗa'a, mai son dubawa ya nemi izini a rubuce.