Yadda ake koya wa ɗalibai raba manhaja sassa-sassa

Sabon ɗalibi yakan cusa komai cikin fayil guda. Ya gyara layi ɗaya, wasu su lalace.

A 1972, David Parnas na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya kawo shawara: a raba manhaja, kowane sashe ya ɓoye yadda yake aiki, ya bar wa sauran ƙofa ɗaya tak. Ya gwada da ɗalibansa, kowa ya rubuta sashensa daban, aka haɗa.

Don koyar da wannan a ajin Python, harshen rubuta manhaja, malami kan ba da manhajar lissafin maki: lissafi a fayil ɗaya, nuna sakamako a wani, umarnin import ya haɗa su. Sai kwatsam ya canja tsarin maki, ya ga fayil nawa ɗalibin zai buɗe.