Ruwan kwata na iya sanar da annoba kafin ta cika asibiti

Duk wanda ya san Birketari a Yawunde, unguwar da tsofaffi ke kira Ekudu, ya san ƙamshin tsire da ke tashi bayan Magariba. Daga ko'ina a gari ake zuwa cin "soya" a wurin mahautanmu. Amma da zarar an ce amai da gudawa sun ɓulla, su ake fara nuna wa yatsa, sau da yawa ba tare da hujja ba. Dalili kuwa shi ne tabbatar da inda ƙwayar cuta ta fito na ɗaukar lokaci.

A tsohuwar hanyar gwaji, ana ɗaukar ɗan abinci ko ruwa a reni bakteriyar da ke ciki a ɗakin gwaje-gwaje har ta yi yawa, sannan a tantance ta. Ga Salmonella, dangin da ƙwayar taifot ke cikinsa, aikin kan ci kwana uku zuwa biyar. Kafin sakamako ya fito an sayar da naman, an sha ruwan rijiyar, cuta ta shiga gidaje.

Sabuwar hanyar ba ta jiran wannan dogon reno. Kowace ƙwayar cuta tana da tata alama a cikin sinadarin gadonta, wato DNA, kamar zanen yatsan ɗan Adam. Gwajin PCR, wanda Ba'amurke Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, yana neman wannan alama, ya kwafe ta sau miliyoyi har na'ura ta gan ta. Ga Salmonella ana farautar wani yanki mai suna invA, ga kwalara kuwa ctxA, wanda ke sa ƙwayar ta fitar da dafinta. Gwajin kansa 'yan sa'o'i ne. Idan abinci ne, akan bar ƙwayoyin su ɗan hayayyafa na kusan kwana guda tukuna.

Akwai kuma LAMP, da masana a Japan suka fito da shi a 2000. Shi zafi ɗaya kawai yake bukata, kimanin digiri 65, kuma yakan ba da amsa cikin sa'a guda. A wasu nau'o'insa ma launin ruwan kwalbar ne ke canzawa. Wannan ya sa ya dace da wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas.

To me ya kawo ruwan kwata? Mai ɗauke da ƙwayar cuta yana fitar da ita a bayan gida, ko ya kwanta ciwo ko bai kwanta ba. A yawancin unguwannin Yawunde babu bututun ƙazanta na gari, masai ne na rami, kuma da damina abin da ke ciki kan malala zuwa kwatoci da rafukan da ke zuba a kogin Mfoundi. Gora ɗaya ta wannan ruwa tana ɗauke da labarin dubban mutane, har da waɗanda suka tsaya ga jiƙo ba su je asibiti ba.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun 2011 ake ɗibar ruwan magudanai a Kano don neman ƙwayar shan inna. A nan Yawunde ma, Cibiyar Pasteur, wadda aka kafa a 1959, tana da na'urori da ma'aikatan irin wannan gwaji. Annobar kwalarar da ta fara a Kamaru a watan Oktoban 2021, ta kuma tsananta a Yawunde a 2023, ta nuna amfanin samun gargaɗi da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa gurɓataccen abinci na kwantar da mutum miliyan 91 a Afirka duk shekara, yana kashe 137,000.

Sai dai gwajin yana da iyaka. Yana iya gano DNA na ƙwayar da wuta ta riga ta kashe, don haka ganin alama a gasasshen nama ba ya nufin lallai naman na da illa. Ruwan kwata kuma yana nuna unguwa ne, ba ya nuna gida ko teburin wani. Har yanzu ana bukatar tsohuwar hanya don sanin maganin da zai ci ƙwayar.

Shi ya sa bai kamata sakamako ya zama sandar dukan masu sana'a ba. Amfaninsa shi ne a gaggauta zuba kulorin a rijiyoyi, a tanadi ruwan gishiri da sukari a asibitoci, a sanar da jama'a ta masallatai. Garwashi na kashe waɗannan ƙwayoyi idan nama ya gasu har ciki. Haɗarin yakan zo ne daga baya: wuƙar da ta yanka ɗanye ta koma kan gasasshe, albasa da tumatir da aka wanke da ruwan rijiya maras tsabta, da hannun da ya karɓi kuɗi ya koma cikin yaji.