Hukuncin Yin Kamar Mai Saye Don Binciken Farashi a Kasuwa

Tambaya: Wani ɗan kasuwa ya ɗauke ni aikin zagaya kasuwannin Wara da Yauri in tattaro masa farashin kifin banda. Idan na faɗi abin da ya kawo ni, masu kifi sai su ɓoye mini farashi. Shin ya halatta in nuna kamar saye zan yi?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, neman sanin farashi halas ne, kuma kuɗin aikinka halas ne. Kana iya tambayar nawa kwandon tarwaɗa ko ƙarfasa ba tare da ka bayyana wanda ya aiko ka ba, domin yin shiru daban, ƙarya daban. Amma idan an tambaye ka kai tsaye, ko dai ka faɗi gaskiya, ko ka ce ba a ba ka izinin faɗa ba.

Ka kiyayi abubuwa uku.

Na farko, kada ka taya kayan da ba ka da niyyar saye. Mai saye na gaskiya da ke tsaye kusa zai ji tayinka ya ƙara kuɗi, ka cuce shi ke nan. Wannan ƙofa ce ta najashi, wanda Annabi (SAW) ya hana, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Umar.

Na biyu, kada ka zauna a gindin bishiya ka cike takarda da farashin da ba ka ji ba. Maigidanka zai zuba dukiyarsa bisa rahotonka. Wannan cin amana ne.

Na uku, ka duba me za a yi da bayanin. Idan nufin maigidanka shi ne ya tari masunta a bakin tafkin Kainji ya saye kifinsu da arha kafin su san yadda kasuwa ta tashi, to an hana taryen masu kawo kaya. A ruwayar Muslim daga Abu Huraira, mai kayan yana da zaɓin warware cinikin idan ya iso kasuwa. Kada ka taimaka a kan haka.

Mafita mai sauƙi ita ce ka nemi maigidanka ya ba ka ɗan kuɗi ka sayi kifi da gaske. Ka san farashi, mai kifi ya yi ciniki, babu wanda aka yaudara.

Allah ne Mafi sani.