Abin Da Ke Riƙe Malami A Bakin Aikinsa

Kowace shekara, idan aka koma makaranta bayan dogon hutu, akwai wani lissafi da a kan yi a ofisoshin ilmi wanda ba ya faranta ran kowa, watau lissafin malaman da ba su komo ba. Wani ya sami aikin banki, wani ya shiga kwastan, wani ya buɗe shago a kasuwa, wani kuwa sunansa na nan a takardar albashi amma zuciyarsa ta daɗe da barin aji. Abin da ya fi ciwo, galibi masu ƙwazo su ne kan fara tafiya, domin su a ke nema a waje. Shekara uku a ke yi kafin a yaye malami mai takardar NCE, amma takardar ajiye aiki a dare ɗaya a ke rubuta ta.

Barin aji ba yau aka fara shi ba. Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, sa'an nan aka naɗa shi hakimin Rabah. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci kafin siyasa ta ɗauke shi. Malam Aminu Kano, wanda ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, ya ajiye koyarwa a Maru a 1950. To, waɗannan wani babban aiki ne ya kira su, ƙasa kuwa ta amfana. Damuwarmu a yau ita ce malamin da babu abin da ya kira shi, ɓacin rai kawai ya kore shi.

In ka tambayi kowa dalili, zai ce maka albashi. Lalle akwai gaskiya a ciki, mai jin yunwa ba ya koyarwa da natsuwa. Gwamnatoci kuwa sun sha taɓa wannan fanni. Bayan rahoton Udoji na 1974 an yi wa ma'aikata ƙari mai tsoka, amma ba a jima ba tsadar kaya ta cinye mafi yawansa. A 2019 aka sa mafi ƙanƙancin albashi naira 30,000, a 2024 aka mai da shi 70,000. A 2022 kuma aka sa hannu a dokar da ta ba malami damar kai shekara 65 da haihuwa, ko shekara 40 a bakin aiki, kafin ya yi ritaya. Sai dai duk waɗannan a Abuja da manyan biranen jihohi a ke yanke su. Hedimasta da sakataren ilmi ba su da ta cewa a ciki. Shin ke nan sai su naɗe hannu?

Ko kusa. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Frederick Herzberg, ya yi bincike a kan wannan, ya buga sakamakonsa a 1959. Shi da abokan aikinsa sun tambayi injiniyoyi da akantoci wajen 200 a yankin Pittsburgh, kowa ya faɗi lokacin da ya ji daɗin aikinsa ƙwarai, da lokacin da ya ji ya tsane shi. Sai ya ga abubuwan sun rabu gida biyu. Albashi da yanayin wurin aiki da dokokin ma'aikata, in sun lalace su kan jawo gunaguni, amma gyara su kaɗai ba ya sa mutum ya so aikinsa. Abin da ke sa himma shi ne mutum ya ga ya cim ma wani abu, a yaba masa, a danƙa masa amana, ya kuma hango ci gaba. Masana sun yi ta gardama a kan wannan rabo, amma duk wanda ya taɓa riƙe makaranta ya san kashi na biyun yawancinsa a hannun shugaba ya ke, ba ya kuma cin ko kwabo.

Na farko, karɓar sabon malami. Kada a miƙa masa alli da ajin da kowa ya ƙi, a juya baya. A haɗa shi da wani tsohon hannu wanda zai duba masa shirin darasi, a kai shi ya gai da dagaci da liman, a taimake shi ya sami masauki. Malamin da gari ya karɓa ba ya saurin neman canji.

Na biyu, mutunci. In malami ya yi kuskure, a kira shi ofis a rufe ƙofa. Shugaban da ya tsawata wa malami a gaban yara ya karya shi, gobe ba yaron da zai ji maganarsa. Yabo kuwa a fili a ke yinsa, a gaban iyaye da 'yan'uwansa malamai, a kuma ambaci ainihin abin da ya yi.

Na uku, adalci. Ba abin da ke kashe zuciyar mai ƙwazo kamar ya ga an tura ɗan lele kwas sau biyu shi ko sau ɗaya, ko a ɗauke shi tsakiyar zango a jefa shi wani ƙauye ba sanarwa. A bi layi wajen kwas da ƙarin girma, a bar canjin wuri sai ƙarshen shekara in ba dole ba. Wanda ya ke son ƙaro ilmi a buɗe masa hanya. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, an yi ta ne don malami ya yi karatu yana bakin aikinsa.

A nan muna da magana da ku, 'yan'uwanmu akawuna. Fayil ɗin da ya kwana wata uku a kan teburinku, na ƙarin girma ne ko na kuɗin hutu, bayansa akwai magidanci mai iyali, wanda kan bar aji ya biya kuɗin mota ya zo ya ji "komo gobe". Duk ranar da ya yi a bakin ofishinku, yaran aji guda sun wuni ba darasi, watakila har da naku.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da malami ya kawo takardar ajiye aiki, lallashi ya makara. Saboda haka muna roƙon kowane hedimasta, kafin wannan zango ya ƙare, ya zauna da malamansa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kowa abin da ke damunsa, ya gyara wanda ya ke iyawa, sauran ya rubuto mana. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.