True Lies: Yadda gyaran tsohon fim ɗin Arnold ya raba kan masu kallo

Shekara 30 bayan fitowarsa, fim ɗin True Lies ya sake komawa kasuwa a faifai na musamman, amma maimakon murna sai ya tayar da ƙura.

A ranar 12 ga Maris, 2024 aka fitar da shi a faifan 4K, tare da wasu finafinai biyu na darakta James Cameron, wato Aliens da The Abyss. Kafin nan, mai son True Lies a Amurka sai dai ya nemi tsohon faifan DVD na 1999, domin ba a taɓa fitar da shi a Blu-ray ba.

Fim ɗin na 1994 labarin Harry Tasker ne, ɗan leƙen asirin da matarsa ke zaton dillalin kwamfuta ne. Arnold Schwarzenegger, wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka fi sani da Komando, shi ya fito a matsayin Tasker, Jamie Lee Curtis kuma matarsa. An kashe sama da dala miliyan 100 wajen shirya shi, ya kuma tara kusan dala miliyan 378 a gidajen sinima na duniya.

Tun a lokacin bai rasa masu suka ba. Ƙungiyoyin Larabawan Amurka sun yi zanga-zanga kan yadda aka nuna Larabawa da Musulmi a matsayin 'yan ta'adda.

Ƙorafin wannan karon kuwa a kan hoton ne. Kamfanin Park Road Post na ƙasar New Zealand, mallakin darakta Peter Jackson, shi ya yi aikin gyaran da taimakon ƙirƙirarriyar basira. Fim ɗin da aka ɗauka da tsohuwar kyamara yana da wani ɗigo-ɗigo a jikinsa kamar ɓarɓashin yashi. Manhajar tana share shi, sannan ta ƙara wa hoton kaifi ta hanyar cike gurbi da abin da ta yi hasashe.

Masu suka sun ce a wurare da dama fuskokin jaruman sun yi sumul kamar an shafa musu man kaɗanya, har wasu suka koma kamar mutum-mutumi. Wasu masu kallon kuma sun ce ba su taɓa ganin fim ɗin tas haka ba, musamman wurin da jirgin yaƙi ya ragargaza gada a Florida.

Cameron bai ji daɗin sukar ba. A wata hira da mujallar The Hollywood Reporter a 2024, ya ce masu bin diddigin ɗigon hoto su je su nemi abin yi.

Sai dai abin da ke damun masu tara faifai ya wuce batun kyau. Babu kwafin da ba a taɓa ba a cikin sabon kunshin, ga kasuwar faifai tana ta ja da baya. Netflix ya daina aika wa mutane DVD ta gidan waya a Satumbar 2023, shagunan Best Buy su ma suka daina sayar da faifan fim a farkon 2024.

Idan ba a sake buga wani ba, wannan gyararren ne zai zama True Lies ɗin da 'yan baya za su sani, wanda aka gani a sinima a 1994 kuma sai a bakin waɗanda suka kalle shi.