Mai Bishara da Garmarsa: Yadda Majami'un Lutheran Suka Kafu a Ƙauyukan Numan

Mutum zai iya tasowa a Birnin Kebbi ko Argungu har ya yi furfura bai taɓa jin sunan Lutheran ba. Coci-cocin da ya saba gani na Katolika ne, da Angilika, da ECWA, da Baptis, in kuma ya gangara ƙasar Zuru da Yawuri ya tarar da UMCA. Wannan rabo yana da dalili. Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya yi alkawarin gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin jama'a ba, razdanonin da suka biyo baya kuma suka ɗauki alkawarin a matsayin hujjar hana 'yan mishan kafa tasha a ƙasar sarakunan Musulmi. Gwandu da Argungu suna cikin wannan shinge. Sai ƙungiyoyin mishan suka raba sauran ƙasa a tsakaninsu, kowa da yankinsa. United Missionary Society, uwar UMCA, ta sami Salka da Zuru a shekarun 1920. SIM ba ta shigo ƙasar Sakkwato sosai ba sai ƙarshen shekarun 1930, ta ƙofar jinyar kutare a Amanawa. 'Yan Lutheran kuwa rabonsu ya faɗa can gabas, a Numan, inda kogin Gongola ke zuba cikin Binuwai.

Labarin zuwansu sananne ne a Adamawa. A 1911 aka kafa reshen Danmak na Sudan United Mission, ƙungiyar da Karl Kumm ya assasa a 1904. A farkon 1913 suka turo mutum uku: likita Niels Bronnum, da matarsa Margaret, da wata ma'aikaciyar jinya, Dagmar Rose. Sun yada zango a Rumasha don koyon Hausa, a can Margaret ta rasu bayan haihuwa, Dagmar Rose ta koma Turai da jaririn. Bronnum ya ci gaba shi kaɗai, ya sauka Numan ranar 5 ga Oktoba, 1913, cikin Bachama. A 1916 aka yi baftisma ta farko.

Duk shekara ana maimaita wannan a bikin tunawa, kuma ya cancanta. Amma a dubi wata shekara guda: sai a 1948 aka naɗa fastoci 'yan ƙasa na farko, su biyar rak. Shekara 35 ke nan da saukar Bronnum. A tsakanin nan aikin ya riga ya bazu cikin Lunguda, da Kanakuru, da Mbula, da Kilba, ƙasa mai duwatsu da rafuka wadda da damina ko doki wuya yake sha. Turawan ba su da yawa, kuma zazzaɓi da hutu suna yawan mai da su gida. To, wa ke riƙe da ƙauyuka?

Mai bishara ne. Yawanci saurayi ne da ya zo tashar mishan neman aiki, ko magani, ko karatu, ya iya haɗa baƙi, aka ƙara masa ɗan horo, aka tura shi ƙauye da matarsa. Abin da ake ba shi ba ya ciyar da gida, saboda haka gona ce farkon abin da yake roƙa wurin mai gari, filin majami'a ya biyo baya. Da safe yana bayan garma kamar kowa. Da yamma ya buga ƙarfe, galibi tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshen itace, yara su taru a ƙarƙashin rumfa. Gwamnatin Turawa ta yarda da irin waɗannan azuzuwan koyar da addini ba tare da sun cika sharuɗɗan makarantar elementare ba, ta nan boko ya shiga ƙauyukan da En'e ba ta taɓa tunanin gina musu aji ba. Majami'ar farko rumfar ce. Daga baya a ja bangon ƙasa, a yi jinka, a gina dakali-dakali na laka a jere su zama kujeru, maza gefe guda, mata gefe guda. Fasto yakan zo jifa-jifa, ya yi baftisma, ya ba da Jibin Ubangiji, ya wuce. Jana'iza da sulhun ma'aurata da wa'azin kowace Lahadi duk suna wuyan mai bishara da dattawan ikilisiya.

Littafin da ake koyar da masu neman baftisma da shi ma ɗan ƙauye ne tun asali. Martin Luther, wanda ya tayar da ƙurar gyaran coci a Jamus a 1517, ya zaga ƙauyukan Saksoni wajen 1528, ya tarar manoma ba su san Dokoki Goma ba, wasu limaman ma ba su fi su ba. Shi ya sa a 1529 ya rubuta Ƙaramin Katekisim, tambaya da amsa, gajere, don maigida ya koya wa iyalinsa. Abin da aka tsara wa manomin Jamus ya zo daidai da manomin bakin Binuwai, domin ana iya haddace shi ko babu fitila.

Maganar harshe ita ce za ta fi jan hankalin mai karatu a ƙasar Kabi. Da farko an himmatu ga Bachamanci. Amma da aiki ya ƙetare zuwa ƙabilu masu yawa, kowace da bakinta, babu ma'aikata ko kuɗin da za su ishi fassara ga kowa. Hausa ce ta kasuwa, ita ce ta En'e da barikin soja, ga kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya daɗe yana yi wa hidima. Mai bishara ɗan Bachama da aka tura cikin Lunguda da Hausa zai yi wa'azi, da ita zai rubuta wa fasto rahoto, daga Littafin Waƙoƙi na Hausa za a rera waƙa. Harshen da malaman jihadi suka yi waƙoƙin wa'azi da shi ya zama harshen sujada a ƙauyukan da dakarun Fombina, wato masarautar Adamawa, suka sha fama da su. Bakabe da ya shiga majami'ar ƙauye a Demsa ko Guyuk yau zai fahimci wa'azin daga farko har ƙarshe, ko da yake kunnensa zai yi ta tuntuɓe da yadda ake ce wa mace "ya zo".

Ba a shiga sabon addinin kyauta ba. Mai mata biyu ba ya samun baftisma, sai ya zauna shekara da shekaru yana zuwa sujada a matsayin mai sauraro. Giya ta zama abin horo a ƙasar da gayyar noma ba ta haɗuwa sai da ita. Saurayin da ya ƙi shiga bukukuwan gargajiya yakan ɓata da mahaifinsa. A ganina tarihin da ya tsallake waɗannan rigingimu ya zama kirari kawai.

Haka nan wanda ya tsallake mata. Zumuntar Mata, da ankonsu da tulun da suke bugawa da tafin hannu, su ne ke cika majami'a ranar da maza ke gona ko suka tafi cin rani. Su ke kai ziyara gidan mai jego da gidan makoki, su ke ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa ranar gini. Ranar godiyar kaka kuma ake ganin tattalin arzikin ikilisiya a fili: damin dawa, kwaryar gyaɗa, kaza ɗaure da ƙafa, wani lokaci akuya, a jere gaban bagadi. Bayan sujada a yi gwanjo, dattijo ya rubuta kuɗin a littafi. Da irin wannan kuɗi, bandir bayan bandir, jinka ta koma kwano.

Shugabancin cocin kuwa ya tafi yadda aka saba. A 1955 cocin ya shiga tarayyar TEKAS, wadda yanzu ake kira TEKAN, a 1956 ya tsaya da ƙafarsa, a 1960 Akila Todi ya zama shugaba ɗan ƙasa na farko, aka naɗa shi bishop a 1973. Sunansa a yau Lutheran Church of Christ in Nigeria, LCCN, hedikwatarsa tana Numan. A 2017, a birnin Windhoek na Namibiya, aka zaɓi babban bishop ɗinsa, Musa Panti Filibus, shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya. 'Ya'yan waɗancan azuzuwan rumfa su ne suka zama malaman makaranta da sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti, aiki ya watsa su Jos da Kaduna da Abuja, suka buɗe majami'u a birane. Ƙauyen da ya haife su yanzu yakan jira Kirsimeti kafin ya ga kujerunsa sun cika.

An rubuta tarihin cocin. Margaret Nissen ta fitar da An African Church is Born a 1968, Niels Kastfelt kuma ya yi nazarin yadda Kiristocin Numan suka shiga siyasa gab da samun 'yancin kai, a littafinsa na 1994. Sai dai wasiƙun mishan da yawa da harshen Danmak aka rubuta su, kuma daga tasha suke kallon ƙauye. Tarihin majami'a guda ɗaya yana cikin rajistar baftisma da littafin baiko, a akwatin ƙarfe a ɗakin mai bishara, inda gara ke iya kai masa. Wuta ma haka. A 2014 Boko Haram ta mamaye Mubi da Hong da Gombi, aka ƙona coci-coci. A ƙarshen 2017, bayan kisan da aka yi wa Fulani a rugagen da ke kusa da Numan, aka kai hari Lawaru da Dong da Shaforon, gidaje suka ƙone. Ana sake gina bango, amma rajistar da ta ƙone ba ta da kwafi.

Ƙauyukan Zuru da Yawuri suna da irin waɗannan akwatuna, na UMCA da Katolika. Ɗalibin tarihi daga Birnin Kebbi ba ya bukatar zuwa Adamawa kafin ya fara. Ya sami tsofaffin Zumuntar Mata ya tambaye su wa ya ba da filin, daga wane gari mai bishara na farko ya zo, wa aka hana baftisma kuma don me, da shekarar da aka sauke jinka aka buga kwano.