Maganin Barci da Ɗan Wasa: Abin da Ke Faruwa Kashegari

 Yau jawabinmu a kan maganin barci ne, musamman ga 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan ƙwallo. Kai uba ko wa mai ɗan wasa a gida, ka karanta masa wannan takarda.

Ka san yadda daren jajiberin wasa yake. Gobe za ka shiga fili, zuciya tana ta saƙa da warwara, barci ya ƙi zuwa. Sai aboki ya miƙo maka ƙwaya, ya ce sha ka huta. To, dakata tukuna ka ji aikinta.

Maganin barci rage gudun aikin ƙwaƙwalwa yake yi, shi ya sa ido ke rufewa. Amma gari na wayewa ba shi ke nan ya fita ba. Sai hanta ta narkar da shi, ƙoda ta fitar da shi cikin fitsari, wannan kuwa yana ɗaukar lokaci. Ɗauki diazepam, watau Valium, wanda samari ke kira D5. Kafin rabinsa ya bar jiki sai an yi awa 20 ko fiye. Ke nan in ka sha da ƙarfe 10 na dare, har la'asar ta kashegari, sa'ad da ake kaɗa gangar dambe, fiye da rabinsa yana nan a jikinka. Haka kuma Piriton da Phenergan, waɗanda ake sha don mura ko ƙaiƙayi, su ma suna barin mutum da magagi da safe.

Me wannan zai yi maka a fili? Ido zai ga naushi ya taho, amma kafin hannu ya tare ya riga ya sauka. Ɗan kokawa sai ƙafa ta yaudare shi. Mai tsaron gida sai ya yi tsalle bayan ƙwallo ta wuce. Abin da ya fi muni shi ne, sau da yawa mai shan ba ya jin wannan nauyi, gani yake garau yake. Nan ne ake samun karaya da targaɗe, ko haɗari a kan babur wajen zuwa filin.

Kada ka ce ai sababbin magunguna ba su da wannan aibi. Akwai wani mai suna zolpidem wanda ke fita da wuri, duk da haka a 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta rage abin da ake ba mata daga miligiram 10 zuwa 5, domin an ga saurarsa da safe tana hana tuƙa mota sosai. A 2012 kuma shugabannin wasanni na Ostareliya sun hana 'yan wasansu shansa kafin Olamfik ta Landan.

Ka sani rashin barcin dare ɗaya ba ya cika rage ƙarfin damtse. Barcin da ka samu a kwanakin da suka gabata shi ne guzurinka. Babban mutum yana bukatar awa 7 zuwa 9 kowane dare.

Saboda haka ga abin yi. Ka bar goro da shayi da kofi tun daga la'asar, gama ƙarfinsu yakan kai dare. Ka ci tuwonka da wuri. Ka riƙa kwanciya lokaci ɗaya kullum, cikin gidan sauro, ka ajiye waya. In barci ya ƙi, kwanta lamo, hutun ma wani abu ne.

Kada ka sayi maganin barci a kasuwa, kada kuma ka taɓa haɗa shi da giya, domin yana iya tsai da numfashi. Idan kuwa ka yi makonni kana sha, kada ka bari farat ɗaya, yana iya jawo makyarkyata da jijjiga. Zo ɗakin shan magani ka gaya wa malamin asibiti gaskiya, a rage maka kaɗan kaɗan.

Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu lafiya, amin.